Dabaibayi Ba Ƙulli

Yaya Anaruwa, kai da aka haifa sama na zuba, ka je ka kwanta inda ƙasa ba ta san ciyawa ba, saurara. Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya ba kowane rai sawunsa, ya kuma yanke inda sawun zai tsaya, zan ba ka labarin abin da ya faru bayan ka rufe ido. Ka san karatuna bai yi nisa ba, na bar allo da sauran tawada a jikinsa. In na yi tuntuɓe a magana, ka yi mini yadda ka saba, ka tsaya ka jira ni.

Ka tuna abin da ya fitar da mu daga Gangaren Tsamiya. Fatake ne suka cika maka kunne da labarin Birnin Asbaru, can inda hanyoyi ke ƙarewa, birnin da ake yi wa mutum garkuwa ɗaya tak a rayuwarsa, a zana masa tambarinsa a kanta. Suka ce wanda ya rataya garkuwar Asbaru, ba garin da zai rufe masa ƙofa, ba ayarin da zai ƙi binsa. Kai kuwa tun kana yaro madugu kake son zama. Na nace sai na bi ka. Inna ta raka mu har bakin rafi, ta kama hannun rigarka ta ce, "Kai raƙumin dawa, in ka miƙa waɗannan ƙafafun naka, yaron nan gudu zai kashe shi. Ka ji ko?"

Ka ce, "Na ji, Inna."

A hanya ba ka da hira sai ta tambari. Duk inda muka zauna sai ka share ƙasa da tafin hannu ka zana da tsinke.

"Zaki a tsakiya, baki buɗe. Takubba biyu a gicciye. Rana a bisa kansa."

"Ni fa, Yaya?"

"Kai, Tunau? Ludayi da ƙwaryar fura. In da sauran wuri, a ƙara ƙuda."

Mun ga abubuwa, Yaya, waɗanda in na faɗa a gida za a ce zazzaɓi ne ke magana. Mun ga kogi mai hawa tudu. Mun ratsa garin da ake shuka gero a bayan manyan kunkuru, in fari ya zo gona ta tashi da ƙafarta ta nemi ruwa. Amma wadda ba ta barin idona ita ce Fadamar Kyauron Gilashi. Kyauro ne dogaye, sun ɗara mutum a kan raƙumi, kowanne gilashi tun daga saiwa har kai, kore da shuɗi da ruwan zuma. Rana ta buge su, sai ka ce an fasa bakan gizo an watsar. Na tsaya baki buɗe. Kai kuwa ka ɗage kana hange, ka ce, "Wuri mai kyau haka, ba ko tsuntsu ɗaya? Ɗaga ƙafa."

Muna tsakiya kyauron suka fara kuka siriri kamar sarewa. Ka ce iska ce tafe. Kafin in tambaya ka kwance buzun sallarmu ka lulluɓa mini, ka sunkuce ni a baya kamar jariri, ka zura da gudu. Iskar ta iso. Ina ƙarƙashin buzu ina jin fadama na tarwatsewa, gilashi na zuba a kaina kamar ƙanƙara. Da muka fita tudu ka sauke ni, ka kama kunnuwana ka ja.

"Duka biyun suna nan? To, Inna ba za ta kashe ni ba."

Sai ka juya mini baya ka zauna kana ɗinkin takalminka. Na ce me ya faru, ka ce ƙaramar huda ce.

Bayan tafiya mai tsawo muka iso bakin Faƙon Gishiri. Fari ne fat har inda sama ta sauko, ba itace, ba tudu, ba inuwa. Ba mai ratsa shi sai da jagaba, don haka muka shiga ayarin wani tsoho, Jagaba Illo, mutum mai ƙarancin magana da yawan waƙa. A cikin farin nan, jefi-jefi, akwai garkuwoyi kafe a kan sanduna. Illo ya ce kaburbura ne na matafiyan da suka faɗi a hanya, kuma da su ake gane hanyar. Jagabai suna da doguwar waƙa, kowace garkuwa da baitinta: bar wannan a hagu, nufi waccan. Duk wadda aka wuce, ayari ya yi wa mai ita addu'a.

A nan zazzaɓi ya kada ka. Na ɗauka rana ce. Da hantsi ka ce a sauke ka daga raƙumin da Illo ya ɗora ka, ka sa kanka a cinyata. Ka yi kalmar shahada, ka yi shiru, har na zaci shi ke nan. Sai ka buɗe ido ɗaya ka ce, "Tunau, kada ka yarda su sa maka ƙudan nan."

Maganarka ta ƙarshe ke nan, Yaya. Wa zan gaya wa haka ya gane?

Mutanen ayari suka yi maka sutura, aka sare gishiri da gatari aka sa ka. Na kafa sandarka, na ɗaura mata rawaninka. Takalmana gishiri ya riga ya cinye su, ƙafafuna duk sun tsage, sai Illo ya ɗauko naka ya ajiye a gabana. Sun yi mini yawa. Na sa su haka nan.

Ya tsuguna kusa da ni ya ce, "Ɗana, gara ka ji tun yanzu. In shamuwa ta ratsa sama, ruwa na tasowa daga ƙarƙashin gishirin nan ya shafe komai. In ya janye, ko ni da na tsufa a nan ba zan iya nuna maka inda yayanka yake ba. Kabari mai garkuwa kaɗai ruwan ke kewayewa."

Na ce, "To zan je Asbaru in karɓo masa, Baba."

"Ba sa yi wa matacce. Mai garkuwa da ƙafarsa yake zuwa."

"Sai in karɓi tawa in kafa masa."

Ya nuna mini wasu can nesa, farare sol, ba zane ba launi, sun karkace za su faɗi. "Ka ga waɗancan? Na aro ne. Gishiri ya san wanda ke ƙarƙashinsa. In garkuwa ba ta mai kabarin ba ce, kafin ka shafa fatiha ya haye ta ya shafe, sannan ruwa ya ɗauke."

"Duk da haka zan je."

Ya ce, "Je ka. Wanda ya rasa nasa ba a hana shi gudu. Ina rijiyar bakin faƙo ta wancan gefe har shamuwa ta zo. In ta zo zan yi ratsawar ƙarshe, da kai ko ba kai."

Daga rijiyar na kama hanyar duwatsu ni kaɗai. Ban san tafiya na da nauyi ba sai da na rasa bayan da nake kallo. Kusa da Asbaru akwai wani kwazazzabo mai zurfi, an ɗaura masa gadar igiya, manyan birai sun zauna a bakinta kamar masu karɓar kuɗin fito. Na ɓuya na kalli yadda suke yi da masu wucewa. Ba sa taɓa kayan da aka saki. Abin da mutum ya fi ƙanƙamewa, shi suke fizgewa su jefa a rami, ko zinariya ce ko ɗan guntun hoto na katako. Ni kuwa duk duniya ba abin da nake ƙanƙamewa sai takalmanka. Sai na tsinci dutse na naɗe a hulata, na rungume shi a ƙirji, na riƙa jan ƙafa kamar takalman sun ishe ni. Babban cikinsu ya tare ni, muka yi ta ja, ina ihu ina roƙo, har ya ƙwace ya wurga. Ya dubi ƙafata, ya kau da kai. Na haye ina kukan da ba sai na ƙirƙira ba.

Sai ga Asbaru.

Yaya, da ka gani. Ba a ganin tubalin ganuwarsa. Garkuwoyi ne rataye tun daga ƙasa har inda ido ke gajiya, na waɗanda suka gama zamaninsu aka maido gida. In iska ta ratsa sai su ɗauki gunji a hankali, kamar ana kaɗa dubban ganguna a ƙarƙashin ruwa, har cikin haƙoranka kake ji. Na bi gindin ganuwar ina kallo. Wata an zana mata ƙugiya da kifi yana hararar ta. Wata tsani ne da matakinsa ɗaya ya ɓace. Wata allura ce kawai, tsirara, a tsakiyar shuɗi. Na duba, na sake dubawa, ban ga zaki ko ɗaya ba.

A zauren gidan zane na tarar da mai tsaro, wani ƙato mai tumbi yana cin goruba. Na durƙusa na gaya masa yayana ya rasu a hanya.

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ba a yi wa matacce. Kai dai kana son taka?"

Na ce ina so. Me ya rage mini? Na ce a raina ko gishiri zai cinye ta, ai za ta tsaya a kanka gwargwadon fatiha ɗaya. Na fara cewa, "Ina son a sa zaki a tsakiya, da takubba..."

Ya tuntsure da dariya har goruba ta faɗi. "Samari, da baki muke bi, da garin nan ya cika da zakuna, ba inda za a taka. A nan ba a tambayar mutum." Ya ɗebo ruwa a moɗa. "Kurɓa, ka riƙe a bakinka. Kada ka haɗiye, kada ka zubar, sai an ce. In ka yi ɗayan biyun, ka fita, kuma ba ka sake shigowa har abada. Sarki ma haka muke yi masa."

Na kurɓa. Sai da kumatuna suka cika sannan ya tura mini faifai ya ce, "To, tuɓe takalmanka ka ɗora. Baki na ƙarya, fuska na ƙarya. Takalmi bai iya ba."

Yaya, numfashina ya tsaya. Ashe takalmi suke karantawa. Mutumin bai ko kalli ƙafata ba. Daga baya na gane dalili: mutanen Asbaru da takalminsu ake binne su, ba sa bayarwa, ba sa gado, ba sa aro. A wurinsu ya fi sauƙi mutum ya ari haƙoran wani ya ci tuwo da ya yi tafiya da takalmin wani. Abin bai taɓa ratsa zuciyarsu ba. Ni kuma ga ruwa a baki. Na ɗora su a faifai.

Ya zaunar da ni a wani lungu mai duhu bayan asabari, ina ganin cikin ɗaki, ba a ganina. Na ɗaga kai. Rufin ɗakin ya yi nisa kamar sama, kuma duk takalma ne ke reto a jikinsa, dubbai, na fata da na kaba da na katako, har da ƙanana na guragu. A ƙasa tsofaffi biyu ne zaune. Tsohuwar makauniya ce, Iya Tasalla, ita ke karatu. Mijinta, Mijinyawa, shi ke zane. Ga farar garkuwa ta fatar ɓauna jingine a gabansa, ga tukwanen rini kewaye da shi: shuni, da jan karan dafi, da rawayan gangamau, da baƙin kuloko.

Iya Tasalla ta ɗauki takalmanka kamar mai karɓar jariri. Ta shafa, ta shinshina.

"Mijinyawa, farka. Dogo ne. Ƙafa kamar kwalekwale."

"Ido biyu nake, tsohuwa."

"Ina jin munsharinka. Fara da fili, zuba shuni, mai duhu irin na kafin fitowar rana. Raɓa ta ci fatar nan. Mai sammako ne, yana tashi ya gama wahala kafin wani ya farka ya tarar da ruwa a buta."

Na tuna butar. Kullum cike nake samunta, ban taɓa tambaya ba.

Yatsunta suka bi gefe, suka tsaya. "Ji abin mamaki. Mai doguwar ƙafa in ya saki jiki, ta gaba takalmi ke ci. Wannan ta baya ya ci. Kullum danne takunsa yake, yana gajarta shi da gangan."

"Ciwon gwiwa," in ji Mijinyawa.

"Kai ke da ciwon gwiwa, sai ka raba wa duniya? Jira ne. Akwai wani a bayansa mai gajerar ƙafa. Taɓa dunduniyar hagu ka ji, ta zagaye kamar gindin ƙwarya. Juyi ne ya cinye ta. Taku kaɗan ya waiwaya, taku kaɗan ya waiwaya, tun daga inda ya fito."

Yaya, ni da nake taƙama na iya tafiya. Ni da nake ce maka, ka ga ban taɓa bari ka tsere mini ba. Kai kuma ka ce, ai kai jarumi ne.

"Doki zan sa?" in ji tsohon.

"Doki ba ya hango nesa. Bakin takalmin ya lanƙwashe, mai yawan ɗage ne, yana ganin abin da ke tafe tun na bayansa bai ji motsi ba. Sa raƙumin dawa. Ya fuskanci gabas, wuyansa a waiwaye."

Dariya ta taso mini daga ciki, wallahi, har ruwa ya hau mini hanci. Muryar Inna na ji a bakin rafi. Duk zakin nan naka, da takubban, da ranar, ga abin da suka koma. Na toshe hanci da baki da hannu biyu, kafaɗuna na rawa, har ta lafa.

"Sa masa dabaibayi a ƙafafun gaba," ta ce. "Amma kada ka ƙulla."

"Dabaibayi ba ƙulli? Ai zamewa zai yi."

"Ita ce maganar, kurman banza. Ba wanda ya ɗaure shi. Duk ranar da ya so, da ya tafi."

Alƙalamin Mijinyawa ya kama gudu a kan fatar. Ban taɓa ganin hannu irin nasa ba. Ya tsoma a gangamau ya ja layi ɗaya, sai ga wuya. Ya ɗiɗɗiga kuloko, sai ga rodi-rodin jiki. Da ya sa ɗigon ido, na rantse dabbar ta dube ni ta cikin asabari.

Sai Iya Tasalla ta tura yatsa cikin takalmin ƙafar dama. Ta ce a ba ta allura. Ta tona, ta tona, wani abu ya faɗo a faifai. Tsinin gilashi ne, kore, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Muryarta ta sauka. "Huda ce ta ratsa har ciki. An ɗinke ta a karkace, ɗinkin mai ɓoyewa. Sauran tsinin a naman ƙafa ya tafi. Ga jini, ba na rana ɗaya ba, wani kan wani kamar ɓawon albasa. Ranar da ya taka abin nan akwai nauyin mutum a bayansa, sawun ya nutse."

Mijinyawa ya ajiye alƙalami. "Ya ɗingisa?"

"Ko sau ɗaya. Da ya ɗingisa da ta hagu ta faɗa mini. Ya taka ciwon nan daidai, kamar lafiya lau, don kada na baya ya gani." Ta share hanci da gefen zanenta. "Ɗiga karan dafi ƙarƙashin kofaton dama. Ka rufe shi da ciyawa, yadda sai wanda ya durƙusa zai gani."

Ƙaramar huda ce, ka ce.

A nan ne na kusa rasa ka karo na biyu. Kuka ya taso, maƙogwarona ya buɗe da kansa yana neman haɗiya. Hawaye suka gangaro suna shiga ta gefen leɓe, ruwan bakina ya koma gishiri. Na kama wuyana da hannu na matse. Na sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyi, na ce a zuci: ya taka gilashi daga fadama har faƙo bai ɗingisa ba, kai kurɓi ɗaya ne ba za ka iya riƙewa ba? Na riƙe.

"Saura abu ɗaya," in ji Iya Tasalla, "kuma ya ɗaure mini kai. A kan tsohon sawu akwai sabo. Kwanan nan ƙafarsa ta ƙanƙance. Yatsun ba sa kai inda suka saba, dunduniya na zamewa, yana jan ƙafa. Kuma ya daina waiwaye."

"Ƙafa ba ta ƙanƙancewa, tsohuwa. Kin fara ruɗewa."

"Shekarar da muka binne 'yarmu, zobena bai faɗo daga yatsa ba? Kai ba sai da aka rage maka hula ba? Rashi na rage mutum ta ko'ina. Wannan ya yi rashi, shi ya sa ba ya waiwaye, ba wanda zai waiwaya ya gani." Ta ajiye takalman a cinyarta. "A can ƙasa, a bakin garkuwar, zana babban sawu. Ka sa ƙarami a cikinsa. Na gama."

Da zane ya kammala mai tsaro ya ɗage asabari ya turo ni ciki. Mijinyawa ya dube ni daga sama har ƙasa, tafiyar ba ta yi masa nisa ba. Ya dubi garkuwa. Ya sake dubana.

"Tasalla, wannan ne raƙumin dawan? Ai ko ɗan akuya..."

Na sunkuyar da kai, ruwan na nan a bakina.

"Rufa mana baki," ta ce. "Wannan idon naka shi ya sa aka hana ka karatu aka ba ka tukunya. Tun yaushe ido ya fi takalmi sani? Na ce maka ya ƙanƙance." Ta juyo da fuskarta wajena. "Matso, ɗana. Fesa mata ruwan bakinka, shi ke kama rini."

Na fesa. Launukan suka yi wani irin haske kamar ƙasa bayan ruwan farko, suka zauna daram. Sai na ce, "Iya, takalman fa?"

"Su ne ladanmu. Nan suke kwana."

Mai tsaro ya sa doguwar gora ya rataye su can sama cikin dubban. Na bi su da ido har na kasa bambance su. Abu na ƙarshe da ya rage mini naka ke nan, Yaya. Na fito ba takalmi, garkuwa a baya.

Fatake ba su yi ƙarya ba. Biran gada suka gan ta suka dare gefe biyu, babbansu har da sunkuyar da kai. A ƙauyen farko aka fito da nono da tabarma tun ban yi sallama ba. Wani attajiri ya biyo ni yana roƙo in ja masa ayari zuwa teku. Ban tsaya ba, don tun ina kan gadar nan na ga inuwa ta gilma a kan duwatsu, na ɗaga kai, sai ga shamuwa, jere-jere, sun nufi faƙo.

Na yage hannun rigata na naɗe ƙafafu, na yi gudun da Inna ta ce zai kashe ni. Na iske Illo ya riga ya ɗaure kaya, raƙumin gaba ya miƙe.

Ya kewaya garkuwar yana kallo. "Ɗana, ka san abin da ke bayanka? Da wannan, kafin gemunka ya fito ka zama madugu. Ba a yin ta sau biyu. In ka kafa ta, gishiri ya cinye, ka tashi ba kabari ba garkuwa."

Na ce, "Mu je, Baba."

Faƙon ya riga ya fara gumi. Tun muna taka danshi har ruwa ya rufe idon sawu, gishiri na shiga tsagar ƙafata kamar wuta. Amma abin da na gani ya mantar da ni zafi. Ruwan ya kwanta shiru, sama ta sauko cikinsa gaba ɗaya. Gajimare a bisa, gajimare a ƙasa, raƙuma na tafiya a tsakiyar sarari kowanne da ɗan'uwansa a kife. Shamuwa na ratsawa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Mutanen ayari suka kama tasbihi. Illo kaɗai ke waƙa, yana kiran garkuwoyi ɗaya bayan ɗaya.

Da la'asar muka hango rawaninka. Sandar ta karkata, saura kaɗan. Na miƙar da ita, na danna da dukan ƙarfina, na ɗaure garkuwar a kanta. Illo ya ɗaga hannu aka fara fatiha.

Gishiri ya taso. Ina kallonsa yana hawan sandar kamar farar tururuwa, a hankali, ba tsayawa. Ya kai bakin garkuwa. Abin da ya fara tararwa shi ne sawun nan, babba da ƙarami a cikinsa. Zuciyata ta yanke, don duk garkuwar taka ce, amma ƙaramin sawun nawa ne, kuma gishiri ya san wanda ke ƙarƙashinsa. Ya tsaya a wurin. Ya taɓa, ya ja baya, ya sake taɓawa, kamar yatsun Iya Tasalla. Sannan ya rabu biyu, ya bi gefen garkuwar ta dama da ta hagu, ya haɗe a sama, ya yi mata farin baki siriri mai ƙyalli. Bai shiga ciki ba. Ruwan da ke kan kabarinka ya ja da baya, ya bar maka tsibiri daidai tsawonka.

Aka shafa. Illo ya dube ni, ya dubi ƙafafuna. Sai ya durƙusa a gaban garkuwar, don tsufa ko don wani abu, idonsa ya faɗa kan jan ɗigon da ke ƙarƙashin ciyawa. Ya daɗe a haka. Da ya tashi ya gyara murya ya ƙara baiti a waƙarsa:

Bar raƙumin dawa a damanka,
Mai dabaibayi ba ƙulli.
In ka iso, sauke sandarka,
Ka duba wa ya rage a baya.

Nan take ya hana ayari motsi, ga ruwa na hawa, sai da wata tsohuwa da jakinta da suka yi nisa a baya suka iso. Ya ce daga yau haka za a riƙa yi a wurin. Ka zama madugu, Yaya. Ba ayarin da zai ratsa faƙon nan bai bi umarninka ba.

Ni kuwa na biyo hanya. Na kewaye fadamar gilashi ta tudu, ban iya kallonta ba. Ba ni da tambari, kuma ba za a yi mini ba har in mutu, sai ɗan sawun nan da ke kwance cikin naka. Ya ishe ni. Ko ba komai, ba a sa ƙudan ba.

Yanzu ina zaune a kan tudun da ke kallon Gangaren Tsamiya. An yi shuka, gero ya kai gwiwa. Ga rafin, ga hayaƙi na tashi daga madafin Inna, na san kuma tuwon mutum uku take tuƙawa, don haka ta ce za ta riƙa yi har mu dawo. Tun hantsi nake nan. Masu zuwa gona sun wuce ta ƙasa, na ja wuyan riga na rufe fuska.

Illo ya san kabari, bai san abin da takalmi ya faɗa ba. Iya Tasalla ta san takalmi, ba ta san kabari ba. Inna ba ta san ko ɗaya ba. Kai na fara kawo wa labarin, don kai ne kullum a gaba. In na huta zan gangara. Amma har yanzu, Yaya, ban faɗa wa kowa ba.